Kokawar zamani, judo ko jiu-jitsu: wanne ya cancanci kuɗinka?

A dambe da kokawar gargajiya, da mutum ya sha ƙasa an gama, sai makaɗa su ɗauka. A MMA kuwa, wato faɗan da ya haɗa naushi, shuri da kokawa, nan ne aiki ke farawa. Kafin ka zuba kuɗin wata a wani kulob, fara gano ta inda ake cin ka in an je ƙasa.

Idan kana kayar da mutum amma sai ya sulale ya miƙe, kokawar zamani irin ta Olamfik za ka nema. Ita ke koya maka ɗora nauyin ƙirji da ƙugu har na ƙasa ya rasa numfashi. Da ita Kamaru Usman, haifaffen Auchi, ya shiga UFC, babbar gasar MMA, bayan ya ci kambun jami'o'in Amurka rukuni na biyu a 2010. Kayanta ba tsada: gajeren wando, riga mai kama jiki da takalmi. Illarta ɗaya: an horar da ɗan kokawa kada bayansa ya taɓa katifa, don haka da an matsa masa sai ya kifa ciki. Ɗan jiu-jitsu kuwa abin da yake jira ke nan, ya haye bayan, ya zura hannu ƙarƙashin haɓa, ya shaƙe.

Judo tana koyar da hanzari. Alƙali ba ya barin a daɗe a kwance ba ci gaba, kuma danniya ta daƙiƙa 20 ta isa cin wasa, shi ya sa ɗan judo ke afka wa hannu ko wuya tun mutum bai farfaɗo daga faɗuwa ba. Murɗar kafaɗar da ake kira kimura ma sunan ɗan judo ne, Masahiko Kimura, wanda ya ci Helio Gracie, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa jiu-jitsu ta Burazil, da ita a Burazil a 1951. Sai dai dole ka sayi rigar judo mai kauri, kuma yawancin kamun a jikin rigar yake. Ranar da abokin karawa ya zo tuɓe, jiki duk gumi, dabaru da yawa sun tafi. Wasu kulob ɗin kuma jifa kawai suka fi mayar da hankali a kai.

Jiu-jitsu ta Burazil yawanci ta fi tsada, masu koyarwa kuma sai manyan birane. Amma ita ce ke koya maka faɗa kana ƙasa, wani yana kanka. A ganina wanda ya fito daga kokawar gargajiya nan ya kamata kuɗinsa ya tafi, tunda kayarwa dai ya riga ya iya. Ita ma akan sa riga irin ta judo, don haka tambayi kulob ɗin ko suna da ajin da ba a sa riga. Sambo, kokawar Rasha wadda tsohon zakaran UFC Khabib Nurmagomedov ya yi fice a cikinta, tana da kyau wajen murɗe ƙafa, amma samun koci aiki ne.

Kada ka biya sai ka zauna ka kalli horo guda. Duba minti nawa suke yi a ƙasa, ko ana goge katifa (makero ba ya wasa), da ko ana sakin mutum nan take idan ya buga hannu alamar ya sallama.