Sharhi Kan Garejin da Ya Gano Abin da Ke Hana Motata Tashi da Asuba

Motar da nake magana a kanta a-kori-kura ce mai injin dizal, silinda huɗu, lita biyu da rabi, irin wadda kwamfuta ke sarrafa nozulolinta masu fesa mai cikin silinda, kuma da ita nake ɗaukar buhunan albasa da wake daga kasuwar Mile 12 zuwa wurin abokan ciniki a Ikeja da Oshodi da cikin Agege inda nake zaune. Sana'ata ta sammako ce, domin wanda bai bar gida da an idar da sallar asuba ba zai tarar cunkoson Ketu da Ojota ya riga shi hawa titi, saboda haka motar da ba ta tashi da sanyin safiya ta lalata mini yini tun kafin gari ya waye.

Matsalar ta soma ne a watan Disamba, lokacin da hazon hunturu ya sauko Legas. Idan na murɗa makulli da asuba, kik zai yi ta juya injin har in ƙirga ashirin bai kama ba, sai a karo na biyu ko na uku ya tashi yana karkarwa, ya fitar da farin hayaƙi mai warin ɗanyen gas na ɗan lokaci, sannan ya daidaita. Da zarar ya yi zafi kuwa, ko sau goma na kashe shi a yini, taɓawa ɗaya yake tashi. Wannan ne ya sa duk wanda na yi wa bayani yake yanke hukunci tun kafin ya buɗe bonet. Bakaniken unguwarmu ya ce hita ce, wato ɗan ƙarfen da ke ɗumama cikin silinda kafin injin ya tashi, aka je kasuwar kayan gyaran mota ta Ladipo aka sayo guda huɗu aka sa, ba abin da ya canza. Wani rewaya ya ce batir ya gaji, na sayi sabo, injin ya riƙa juyawa da ƙarfi amma jinkirin yana nan. Na ukun ya saurari ƙarar injin kawai ya ce ringi sun cinye, sai an sauke inji, ya kuma nuna wa yarona dabarar kara tsumma mai fetur a bakin bututun iska kafin a yi kik. Dabarar tana tayar da mota, ba musu, amma daga baya na fahimci cewa wasa da wuta ce, domin tururin fetur yana iya kamawa kafin lokacinsa idan ya haɗu da hita mai zafi, ya doki fistin da ƙarfin da ba a yi shi dominsa ba.

Kafin in amince a sauke injin ne wani abokin kasuwancina ya kwatanta mini wani gareji a wajajen Ikeja da ba sa taɓa komai sai motocin dizal. Mai wurin Bazazzagi ne da ya daɗe a Legas, kuma abu na farko da ya bambanta shi da waɗanda na saba gani shi ne ya ƙi duba motar a ranar da na kai ta. Na isa da hantsi, injin da zafinsa, ya zagaya ta sau ɗaya ya ce, "Alhaji, ciwon da ba ya tashi sai da asuba ba a neman sa da rana. Ka bar mana ita ta kwana, gobe ka zo da wuri mu tayar da ita a gabanka." A gaskiya raina bai so ba, domin kwana ɗaya ba mota yana nufin in yi hayar wata, amma na ga hujjarsa ta fi ƙarfin gaggawata.

Kafin in tafi ya zaunar da ni ya yi mini tambayoyin da ba wanda ya taɓa yi mini. Ya tambayi inda nake shan mai, da lokacin da aka canza filtar gas ta ƙarshe, da yadda nake ajiye motar da dare, ko gabanta yana kallon tudu ne ko gangara. Tambayar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta hayaƙi: yana so ya san ko farin hayaƙin yana fita ne tun ana kik, ko kuwa sai bayan injin ya kama. Ban taɓa lura ba, tunda ni a kujerar direba nake zama, amma yarona ya ce salansa ba ta fitar da komai sai injin ya tashi. Mai garejin ya gyaɗa kai ya bayyana mini cewa injin dizal ba shi da filogi mai tartsatsi irin na fetur. Fistin ne ke matse iska har ta yi zafin da ya wuce digiri 500, sai a fesa mai a cikinta ya kama da kansa. Idan ana kik farin hayaƙi yana fita, to mai yana shiga amma zafin bai isa ƙona shi ba, sai a tuhumi hita ko raunin matsi. Idan kuwa salansa shiru, to man ne bai iso ba tukuna, kuma ko an canza hita ɗari ba za su ƙona abin da babu ba.

Ya ƙara da wata magana da nake ganin duk mai motar dizal a garin nan ya kamata ya ji ta. Sanyin Legas, ko a tsakiyar hunturu, da wuya ya sauka ƙasa da digiri 20, alhali a Jos ko Kano ana iya wayi gari a digiri 10 ko kusa da haka. Injin zamani mai lafiya, wanda ke fesa mai kai tsaye cikin silinda, kusan ba ya buƙatar taimakon hita a irin yanayinmu na bakin teku, kuma maganar daskarewar man dizal da ake yi a Turai ba ta shafe mu ba, tunda sai sanyi ya kusa kai matakin ƙanƙara take faruwa. Abin da muke kira matsalar sanyi a nan, in ji shi, sau da yawa matsalar tsayuwar awa takwas ce, wato wani abu yana faruwa a hankali cikin dare yayin da motar take ajiye.

Washegari na isa kafin ƙarfe bakwai, na tarar ba a taɓa makullin ba. Sun fara da batir, wanda ya nuna bolt 12.6 a ajiye, kuma bai sauka ƙasa da 10 ba lokacin kik, alamar ba laifinsa. Sun jona kwamfutar bincike, ba ta nuna lambar kuskure ko ɗaya ba, kuma a nan ne na ga bambancin mai na'ura da wanda ya iya aiki da na'ura, domin da yawa idan allo bai nuna laifi ba sai su ce motar lafiya lau. Shi kuwa ya buɗe shafin da ke nuna abin da injin ke ji a lokacin, ya gwada zafin ruwan injin da kwamfutar motar take gani da zafin iskar waje, ya ga sun yi daidai, wanda ya wanke na'urar auna zafi daga zargi. Sannan ya sa yaronsa ya yi kik, mu kuma muna kallon lambobi biyu, wato saurin juyawar injin da matsin mai a babban bututun da ke raba wa nozuloli. Injin yana juyawa sama da sau 200 a minti, wanda ya wadatar, amma matsin man yana hawa kamar mai ciwon ƙafa. Irin wannan injin yana buƙatar matsi ya kai wajen bar 200 zuwa 300 (bar shi ne ma'aunin matsi) kafin kwamfuta ta ba nozuloli izinin buɗewa, kuma nawa sai da aka daɗe ana kik ya kai wurin, a daidai lokacin kuma injin ya kama.

Daga nan aikin ya koma na hannu. Sun cire tiyon da ke tsakanin filta da babban famfo suka sa wani garai-garai da ake ganin cikinsa, sai ga ƙananan kumfa suna bin mai ɗaya bayan ɗaya. A saman gidan filtar akwai ɗan famfon hannu da ake dannawa idan mai ya ƙare a hanya, kuma robar cikinsa ta tsufa ta tsage. Abin mamakin shi ne ba ta ɗigar da mai waje, shi ya sa ba wanda ya taɓa ganin jiƙa a wurin. Iska take zuƙa ciki, sai man da ke cikin bututu ya sulale ya koma tanki cikin dare, musamman da yake harabar gidanmu tana da gangara saboda ruwan sama kuma gaban motar ne ke sama. Da suka kwance ƙasan filtar, ruwa da laka suka fito, na kuwa san daga ina suke, domin lokacin da man ya yi wahala na sha saye a jarka a gefen hanya.

Bai tsaya nan ba, ko da yake ni na riga na gamsu. Ya jona ƙananan kwalabe huɗu a bututun da ke mayar da rarar mai daga kowane nozul, aka bar injin yana aiki na ɗan lokaci, sai kwalba ta uku ta tara kusan ninkin sauran, alamar wannan nozul ɗin yana zubar da matsi ta ciki. Ya auna hitocin da na saya, kowace ta nuna kusan om ɗaya a ma'aunin wuta, alamar lafiyarsu ƙalau, ya kuma nemi in kawo tsofaffin da aka cire, aka tarar uku daga cikin huɗun ba abin da ya same su. Tunda an riga an cire hitocin, sai ya auna matsin kowace silinda ta raminsu, duka huɗun suka nuna tsakanin bar 26 da 28, kusa da juna. Wannan awon na ƙarshe shi ne ya fi kowane daraja a wurina, domin shi ya tabbatar da cewa injin da aka ce sai an sauke shi bai buƙaci a kwance masa ko noti ɗaya ba.

Don ya tabbatar da zarginsa kafin in kashe kuɗi, ya ce a sake barin motar ta kwana ba tare da an canza komai ba. A safiya ta biyu ya sa ni da kaina na danna famfon hannun har ya yi tauri, sannan na murɗa makulli, injin ya tashi cikin daƙiƙa uku. Na ji daɗin wannan tsari, domin an nuna mini laifin da idona maimakon a ce in yarda kawai.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, kuma adalci ne in faɗe su. Kuɗin binciken kaɗai, ban da gyara, ya fi abin da bakaniken unguwa zai karɓa ya yi aikin yini guda, kuma ba su sanar da ni adadin ba sai da aka gama, alhali kamata ya yi a faɗa tun farko. Ba su da injin gwada nozul a wurin, sai da aka kai shi wani waje, abin da aka ce kwana ɗaya ya zama kwana huɗu, ba kuma wanda ya kira ni ya yi mini bayani sai ni na riƙa bi. Mai garejin ya so in gyara nozulolin duka huɗu a lokaci ɗaya, yana cewa tsararraki ne kuma sun sha mai iri ɗaya. Hujjar tana da ƙamshin gaskiya, amma tunda awonsa da kansa ya nuna ɗaya ne ya fita daga sahu, na tsaya a kan ɗayan, shi ma bai matsa ba. Sakamakon awon ma sai da na roƙa aka rubuta mini a takarda, kuma wurin ba shi da inuwar da mai jira zai zauna, ga kujerar motar da aka dawo mini da ita da tabon baƙin mai.

Duk da haka, idan aka haɗa kuɗin hitoci huɗu da na batir da na saya a kan zato, sun zarce abin da na biya na bincike da sabon gidan filta, ba a ma maganar abin da sauke inji zai ci. Ina ba da shawarar wurin ga mai motar dizal ta zamani da ke wahalar tashi da safe, da sharaɗin ya tambayi kuɗin bincike tun a bakin ƙofa, ya shirya rabuwa da motarsa na aƙalla kwana biyu, ya kuma je da wanda ya saba tsayawa a bayan motar lokacin da ake tayar da ita. Wanda motarsa tsohon yayi ce mai famfon da ba ruwansa da kwamfuta, bakanike mai haƙuri da tiyo garai-garai da ma'aunin wuta zai iya yi masa mafi yawan wannan awon a kuɗi kaɗan.

Yau wata uku ke nan da gyaran, motar tana tashi a kik na farko ko da ta kwana biyu ba a taɓa ta ba, farin hayaƙin safiya kuma ya ɗauke tun da aka mayar da nozul na uku. Na daina sayen mai a jarka, ina kuma zubar da ruwan ƙasan filta duk ƙarshen wata kamar yadda aka nuna mini. Tsofaffin hitoci ukun nan masu lafiya suna cikin akwatin gaban mota, zan tafi da su Jos idan hunturu ya zagayo, inda za a iya buƙatarsu da gaske.