Duba ido kyauta da ƙungiyar 'yan sa-kai ta unguwarmu ta yi: tauraro 4 cikin 5 na ba su

Ni fa ban cika yarda da harkar gidauniya ba, gaskiya ce gara in faɗa tun farko, don an sha karɓar mana kuɗi da sunan marayu ko gyaran kwata daga baya ka ji shiru kamar an aiki bawa garinsu. To da yaran nan suka zo shagona da rasit wai suna tara kuɗin duba ido kyauta wa tsofaffi, naira 5,000 na ba su kawai don kunya, babbansu ƙanin abokina ne. Ban sa rai da komai ba.

Ba Rotary ba ce ba kuma Lions ba, wato manyan ƙungiyoyin taimakon jama'a na duniya, ƙungiya ce ta samari da 'yan mata na nan gefen Kurna, akwai malaman makaranta, tela, masu POS, da wata nas guda ɗaya wadda ita ce ƙashin bayan abin. Amma shugabansu da bakinsa ya ce wajen Lions suka kwaikwayi abin idon, su Lions ɗin da ma tun 1925 da Helen Keller, wata marubuciya Ba'amurkiya makauniya kuma kurma, ta roƙe su suka ɗauki yaƙi da makanta a matsayin aikinsu. Kuma irin wannan ba baƙon abu ba ne a garin nan, ƙungiyar Rotary ta farko a Najeriya ai a Kano aka kafa ta a 1961. Su ma yaran da Ranar Gani ta Duniya suka so haɗawa, Alhamis ta biyu a watan Oktoba, amma suka matsar zuwa Asabar saboda ajin firamare suka ara.

Yadda suka tara kuɗin ya burge ni. Sanarwa bayan sallar Juma'a, bi shago-shago, sai wasan ƙwallo na magidanta da samari wanda aka zagaya da kwali ana jefa abin da ya sawwaƙa (magidanta sun sha kashi, kar ma a yi maganar). Abin da ya fi kama ni shi ne duk dare sai ma'ajinsu ya tura hoton littafi a guruf ɗin WhatsApp, wane ya ba da kaza, alat ya shigo na kaza, an kashe kaza wajen hayar kanofi da kujeru, har kuɗin piya wata da man janareta sai da ya rubuta. Wanda ya ce kar a sa sunansa sai a rubuta "bawan Allah". Wallahi da na ga haka da kaina na ƙara musu transfa ba wanda ya roƙe ni.

Ranar na kai Umma, don ta fi shekara tana cewa hazo take gani. An ce ƙarfe 8, mun je 7:30, ba a fara ba sai wajen 10 saboda ana jiran wani babban baƙo da zai buɗe taro, tsofaffi na zaune kanofi biyu kacal rana ta fara dukan na gefe. Nan ne tauraro ɗaya ya tafi. Da aka fara kuma abin ya tafi tsaf, lamba ake bayarwa, layin mata daban na maza daban, a fara auna hawan jini da suga, sai allon nan mai harafin E da ake nuna inda ƙafafunsa suka kalla, wanda ya dace da mu sosai tunda yawancin iyayenmu ba su yi boko ba. Wata yarinya cikinsu ta durƙusa ta ce wa Umma "Mama ki nuna min da hannu kawai, sama ko ƙasa", Umma har yanzu tana sa mata albarka.

Likitan ya ce yana ce a idon dama. Ya zauna ya yi mana bayani da Hausa ba gaggawa, cewa wani abu ne kamar gilashi a cikin ido yake dushewa da tsufa, babu maganin ɗigawa da ke wanke shi, aiki ake yi a cire a sa na roba kuma gani yana dawowa. Ya ja kunnenmu sosai kan masu cire yana na gargajiya da ke tura ta ciki da tsinke, ya ce da yawa a nan ake rasa idon gaba ɗaya. Wani dattijo da ke bayanmu shi kuma gilakoma aka samu, wadda ita abin da ta cinye ba ya dawowa sai dai a tsare ragowar da magani, na ji tausayinsa ƙwarai don shi gilashi kawai ya zo karɓa. Gilashin karatu kuwa an raba kyauta, har ni na samu tunda na haura 40, firem ɗin dai ba wani mai ƙwari ba ne, nawa ƙafa ɗaya ta fara lilo.

Abu ɗaya da bai min daɗi ba bayan lattin shi ne hoto. Duk wanda aka miƙa wa gilashi sai an tsayar da shi an ɗauka don Facebook, wata tsohuwa tana ta jan mayafi tana rufe fuska yaron da ke ɗaukar hoton bai ma lura ba. Na san da hoton ake gamsar da masu ba da kuɗi, amma dan Allah a riƙa tambaya tukuna. Na faɗa wa shugaban a gefe, bai yi musu ba, ya ce in sha Allah za a gyara, mu gani.

Su ba sa yin aikin a wurin, takarda suke ba ka zuwa asibitin ido, waɗanda ba su da hali kuma ƙungiyar ta biya musu gwargwadon abin da ya rage a asusu. Mu mun biya namu da kanmu don a bar wa wasu. Bayan sati biyu nas ɗin ta kira ni tana tambaya ko mun je, da na ce ba mu samu zuwa ba tukuna faɗa ta yi min sosai kamar yayata. An yi wa Umma aikin yanzu, jiya ita ta tsince shinkafa da kanta.