Gargaɗi ga masu sayen sumo a Katsina: ba kowane mai ƙyalli ne sitenles ba

Jama'ar Katsina da kewaye, masu haƙa rijiyar burtsatse a gida da masu shirin sauya sumo, wato injin da ake zurawa cikin rijiyar yana turo ruwa sama, a yi hattara da wata damfara da ake yi da sunan "sitenles", wato ƙarfen da ba ya saurin tsatsa. Ana kawo sumo yana sheƙi, ga kwali mai sunan babban kamfani, ga sitika an rubuta 304, a ce maka wannan ba ya tsatsa har abada. Kafin damina ta zagayo, ruwan safe ya fara fitowa ja, fararen kaya suna yin tabo a wanki, daga nan sumon ya tsaya. In an zaro shi sai a tarar notuna sun ci, bakinsa ya kumbura da tsatsa, wani lokacin har gangar jikin ta huje.

Abin da ya sa cutar take tafiya shi ne sumo kaya ne da ake binnewa. Da zarar ya sauka mita 40 ko 60 ƙarƙashin ƙasa, babu mai sake ganinsa sai ranar da ya lalace. Saboda haka duk binciken da za a yi, a yi shi sumon yana kwance a tsakar gida.

Ƙarfen da ake kira sitenles iri-iri ne. Mai lamba 304 yana da kusan kashi 18 cikin ɗari na kuromiyom da kashi 8 na nikel, shi ne kuma ake yin sumon kirki da shi. Mai lamba 316 an ƙara masa wani sinadari, molibdenom, kashi 2 zuwa 3, don ya jure ruwan gishiri. Sai mai lamba 201, wanda aka rage masa nikel aka cike gurbin da manganis saboda araha. A ido dukkansu ɗaya ne. A cikin rijiya kuwa, 201 yakan fara da ƙananan ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa, musamman a layin walda da gindin noti, ɗigon su zama ramuka. Da shi akan yi jabun da ake liƙa wa sitikar 304.

Mai sayarwa zai zaro mayen ƙarfe daga aljihu ya manna a jikin sumon, ya sake shi ya faɗi, ya ce: "Alhaji, ka gani da idonka, bai kama ba, orijina ne." Wannan gwajin bai tabbatar da komai ba. Mayen ƙarfe ba ya kama 304, amma 201 ma ba ya kama shi. Amfanin mayen ƙarfe ɗaya ne: tona asirin baƙin ƙarfen da aka yi wa fenti ko rufin ƙyalli. Don haka ka karɓe shi ka gwada da hannunka a wuraren da shi bai gwada ba, wato bakin sama inda fayif yake shiga, mahaɗar da ke tsakanin injin da gangar farfela, ragar da ruwa yake shiga, da kowane noti. In ya manne gam a ɗaya daga cikinsu, akwai baƙin ƙarfe a wurin, kuma daga nan tsatsa za ta fara. Ɗan ja kaɗan a inda aka lanƙwasa ƙarfen ba laifi ba ne, 304 na gaske ma yakan yi hakan. Abin da ke raba 201 da 304 shi ne ruwan gwajin sitenles da ake sayarwa a 'yar kwalba. Ana goge wurin, a ɗiga ɗigo ɗaya, a jira lokacin da aka rubuta a kwalbar, a kwatanta launin da na takardarta. Mai kayan gaskiya ba ya hana a ɗiga.

Akwai kuma abin da bai kamata ya tayar da hankali ba. In aka buɗe sumo aka ga farfelunsa na roba ne mai tauri, wannan ba ha'inci ba ne. Manyan kamfanoni irin su Pedrollo na Italiya suna yin sumo mai farfelar roba a cikin gangar sitenles, kuma roba ba ta tsatsa. Ha'incin shi ne a ce maka komai na ciki sitenles ne, a karɓi kuɗin hakan, a ba ka na roba mai garas-garas.

Cikin injin ma akwai tasa cutar. Koyil, wato wayar da aka naɗa a cikin injin, na gaskiya jan ƙarfe ne. Na jabu alminiyom ne, ko alminiyom da aka yi wa rufin jan ƙarfe, yana saurin zafi, ba ya jure ƙarancin wuta, wanda kuwa kowa ya san yadda wutar tamu take zuwa. Alminiyom ya fi jan ƙarfe rashin nauyi nesa ba kusa ba, shi ya sa sikeli yake da amfani. Kamfanonin kirki suna rubuta nauyin kowane samfuri a takardunsu da shafinsu na intanet. A ɗora sumon a sikeli a kwatanta. Wayar da aka haɗo da shi ma a kankare bakinta da reza: in ja ne a waje fari a ciki, alminiyom ce.

Sai ƙaryar doki. Doki ma'aunin ƙarfin inji ne. Doki ɗaya, wato 1HP, wat 746 ne, shi ya sa ake rubuta 0.75kW a jikinsa. Ana ɗaukar injin rabin doki a liƙa masa sitikar doki ɗaya, ko na ɗaya a mayar da shi ɗaya da rabi. Bayanin sumon kirki a jikin ƙarfen ake zana shi, tare da lambar da ta yi daidai da ta kwali da ta takardar garanti. In bayanin duk a sitika yake, wadda farce zai iya ɓarewa, a yi shakka. Haka nan lambobin da ake nuna maka na tsawon da yake tura ruwa da yawan ruwan da yake bayarwa, ba a lokaci guda yake yin su ba. A iyakar tsawonsa ruwan da yake bayarwa kusan babu ne. Abin tambaya shi ne: lita nawa zai bayar a awa daga zurfin da ruwan rijiyarka yake sauka, haɗe da tsawon tankinka? In an ce lita 2,000 a awa, to jarkar lita 20 ta cika cikin daƙiƙa 36 a bakin tanki. A gwada ranar da aka saka, kafin a biya cikon kuɗi.

Wani salon ba a shago ake yin sa ba, a gidanka ake yi. Ka yi jinga da mai haƙa a kan komai da komai, ya kawo kwalin Grundfos ko wani babban suna ya nuna maka, ka tafi aiki ko masallaci, ka dawo an riga an zura. Abin da ke cikin ramin daban, kwalin da ka gani kuma gobe za a nuna wa wani. Ko kuma tsohon sumo ne da aka sake naɗa wa koyil, aka goge jikinsa da injin goga har ya yi sheƙi. Alamarsa: kan notuna ya sha sufana, ga ƙananan ƙarce a gangar, ga gam ko silikon a inda waya take shiga injin. Na ukun shi ne mai gyaran da zai zaro sumonka mai kyau ya ce zai kai shago a duba, ya dawo maka da gangar taka amma injin wani. Maganin duka ukun ɗaya ne: maigida ko wakilinsa ya tsaya a wurin, ya ɗauki hoton lambar da ke jikin injin da ta jikin gangar, ya ga saukarsa rami. Wanda ya ce "Haba Alhaji, ba ka yarda da ni ba ne?" a ce masa an yarda, amma za a ɗauki hoton.

Masu talla a Facebook da WhatsApp da sunan kayan gwanjo, rabin kuɗi, turo kuɗi a sa maka a mota, waɗannan ba sa bukatar dogon bayani. Kada a tura.

In sumon ya lalace, amsar da aka tanada guda biyu ce: "wutarku ce ta ƙona shi" ko "ruwanku ne mai cin ƙarfe". Ta biyun ana iya rufe ƙofarta tun farko da gwajin ruwa a ɗakin gwaji. Ma'aunin ruwan sha na Najeriya ya sa pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, tsakanin 6.5 da 8.5, sinadarin ƙarfe kuma kada ya wuce miligiram 0.3 a lita. Ruwan da pH ɗinsa ya gaza 6.5 yana cin fayif ɗin ƙarfe na GI, wato baƙin ƙarfe mai rufin zinki, da baƙin ƙarfen zubi, amma ba ya cin 304 na gaske. Abin da ke huda 304 shi ne gishiri, wato kuloraid, in ya haura wajen miligiram 200 a lita, a nan ne ake komawa 316. Ke nan rijiyar gida mai ruwan daɗi 304 ya ishe ta, kuma wanda ya zo maka da "316" a farashin da bai kai na 304 ba, ƙarya yake yi ko a lambar ko a kayan.

Jan ruwa ma ana iya gane tushensa. In da safe ne kawai yake fitowa ja, bayan 'yan mintuna ya washe, tsatsar daga sumo ko fayif take. In kuwa fari yake fitowa, sai ya kwana a bokiti ya yi ja, ƙarfen a cikin ruwan ƙasar yake, canza sumo ba zai magance shi ba, kada wani ya ci kuɗinka a kan haka.

Sumo mai kyau ma ana kashe shi da kayan haɗi marasa kyau. A sa fayif na roba mai kauri, uPVC ko HDPE, da mahaɗai na sitenles ko tagulla, kada a ɗaura soket ɗin GI a bakin sitenles, domin ƙarfe biyu mabambanta in sun haɗu a ruwa, mai raunin ne yake narkewa. Igiyar rataya ta zama ta roba mai ƙarfi ko wayar sitenles. Mahaɗar waya a rufe ta da kayan haɗin cikin ruwa, ba salatif kaɗai ba. Yankin Katsina ta arewa har zuwa Daura ƙasar yashi ce, don haka a ɗaga sumon daga gindin rijiya da 'yan mitoci, kada kuma a ajiye shi daidai ragar kesin, wato fayif ɗin da aka jera a bangon rijiyar, in ba haka ba yashi zai cinye farfela ko da ta sitenles ce.

Rasit ya ƙunshi sunan shago, sunan kamfanin sumon, samfurinsa, lambar jikinsa, dokinsa, lambar ƙarfen da aka ce maka, da tsawon garanti. "Sumo guda ɗaya" kawai ba rasit ba ne. Da wannan takardar da hotunan ne ake iya kai ƙara wajen shugabannin kasuwa, ko hukumar SON mai kula da ingancin kaya, ko FCCPC mai kare haƙƙin masu saye.