Manhajar jadawalin talabijin da ta cinye mini rabin wasan ƙarshe

Tauraro biyu na ba ta, ɗayan ma albarkacin ɗan ƙanina ne, shi ya sa mini ita a waya.

Ni ba gwanin latse-latse ba ne. Waya a wurina kira ce da WhatsApp, sai rediyo. Ana jibi wasan ƙarshe na kofin Afirka yaron ya zo ya ce, "Baffa, ka huta da bin tashoshi da rimot, ga abin da zai nuna maka shirin kowace tasha da lokacinsa." Gaskiya ranar farko ta burge ni. Ka taɓa sunan tasha, shirye-shiryen mako guda su jeru, har da 'yar ƙararrawar tuni. Na yi ta nuna wa abokai a majalisa kamar ni na ƙera ta.

Ranar Lahadi 11 ga Fabrairu 2024, Najeriya da Kodebuwa a Abidjan. Manhaja ta rubuta 22:00. Ba wuta a unguwarmu, litar fetur kuma a lokacin ta haura naira 600 tun da aka cire tallafi, don haka lita biyu na saya, na ce ba mai taɓa inji sai goma saura. Uwargida ta ce ta ji ana cewa ƙarfe tara. Na ɗaga mata waya, na ce ga shi a rubuce. Wajen tara da minti arba'in unguwa ta kaure da ihu, yara na buga gwangwani. Wallahi na ɗauka ɗokin wasan ne. Ashe ɗan wasanmu Troost-Ekong ne ya sa ƙwallo da ka a minti na 38.

Da na tada inji, an dawo daga hutun rabin lokaci ke nan. Abin da idona ya gani: Kessié ya farke wa Kodebuwa, Haller ya ƙara musu. Ƙwallo ɗaya tak da muka ci a wasan, a waje na ji ta kamar baƙo. Uwargida ba ta ce uffan ba, shayi kawai ta ajiye mini, kuma shirun nan ya fi gori ciwo.

Washegari yaron ya duba, ya ce agogon manhajar na Afirka ta Kudu ne, su kuma suna gabanmu da awa ɗaya, Abidjan tana bayanmu da awa ɗaya. Takwas a can, tara a Kano, goma a Johannesburg. Akwai wurin gyarawa, can ƙarƙashin saituna, da Turanci. To, a nan na ɗan sassauto, don tun da aka gyara ba ta sake yi mini ƙarya ba. Har wasannin Firimiya tana bi daidai, duk da Ingila kan sauya agogo a ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba, wasan ƙarfe huɗu ya koma uku.

Amma da na tuna sai raina ya sake ɓaci. Wayar ta san inda nake, agogonta daidai yake, me ya hana manhajar ta tambaye ta? Ta nemi izinin shiga hotunana, ba ta nemi sanin ƙasata ba. Ga talla, kafin ka ga jadawali sai ka kalli bidiyon caca, data na zuba. Tashoshinmu na Hausa kuwa, rabinsu fili ne fari, ba ko layi ɗaya.

Tana nan a wayar, ban goge ba. Sai dai duk ranar babban wasa, kafin in zuba mai a inji, nakan aiki autana ya karanto mini allon gidan kallo na bakin layi, wanda ake rubutawa da alli.