Gargaɗi ga masu ajiye wake a Marwa da kewaye

Sefa dubu 180. Lita 15, kowace lita dubu 12. Kuɗin ƙungiyarmu ke nan da wani mai sayar da maganin ƙwari ya yi awon gaba da su, ya bar mana guba da sunan maganin ajiyar wake. Kuma kada wani ya ce ba a duba ba. An duba! Murfi a liƙe, takarda da Faransanci, har da lambar rajista. Ya dubi shugabanmu ido da ido ya ce, "Wallahi Alhaji, da shi nake ajiye waken gidana." Wa zai ƙaryata mai rantsuwa da abincin 'ya'yansa?

Wayarsa a kashe take yanzu. Tun kafin nan ma danshi ya ɗaga takardar wata kwalba, sai ga tsohon rubutu a ƙasa: Endosulfan 350 g/l EC. Tsohon maganin feshin auduga ne ya sake wa riga. Tun 2011 yarjejeniyar Stockholm, ta ƙasashen duniya kan sinadarai masu guba, ta sa shi cikin haramtattu, kuma ko lokacin da ake sayar da shi a fili ba na zubawa a hatsi ba ne.

Dangin DDT ne, tsohon maganin ƙwarin nan, masu sinadarin kulorin. Ba ya narkewa sosai a ruwa, maiƙo yake bi, don haka wanke wake ba ya fitar da shi duka. Yana shiga ta fata, ta numfashi, ta baki, ya bugi jijiyoyi: ciwon kai, jiri, amai, rawar jiki, sai jijjiga kamar farfaɗiya. Ba shi da makari, allurar atropine da ake yi wa wanda ya sha wasu magungunan ƙwari ma ba tasa ba ce. Wanda ya sha, kada a ba shi madara ko manja, maiƙo ƙara masa saurin shiga jini yake yi. Kada a sa shi amai da ƙarfi. A cire tufafin da ya taɓa, a wanke jiki da sabulu, a kwantar da shi ta gefe, a ruga asibiti da kwalbar.

Dubu 180! Wai waken gidansa. Hotunan takardun biyu da rasit ɗinsa suna nan tafe, zan sa su.

Wanda ya saya, kada ya tuttular a rafi ko kusa da rijiya, kaɗan ya isa ya kashe kifi. Ya kai wa malaman gona. Waken da ya taɓa ba na ci ba ne, ba na dabba ba. Ku nemi buhun PICS, buhun ajiyar hatsi da ke hana iska shiga, mai leda biyu a ciki, ku ɗaure kowace daban, ba ya buƙatar magani.