Lauyoyin kyauta masu rufe tsohon kes a Bronx, ga abin da muka gani

Duk wanda tsohon kes yake hana shi samun aiki ko gidan haya a jihar New York, don Allah kafin ya tura kuɗinsa ga masu talla a intanet ɗin nan da ke cewa za su goge masa komai tas, ya fara zuwa wurin lauyoyin da ke wannan aiki kyauta. Ni dai na raka ƙanina wani ofishinsu a nan Bronx, kuma na gamsu, duk da akwai inda suka ba mu haushi.

Matsalarsa ƙaramin laifi ne na faɗa tun yana saurayi, ko kwana a gidan yari bai yi ba, amma duk inda ya nemi aiki da zarar an binciki sunansa sai ka ji shiru, waya ma ba a sake kira. Lauyar da ta karɓe mu ba ta yi mana alkawarin komai ba. Ta ce a fara dangwala yatsu a nemo rikod ɗinsa na jiha, sannan a karɓo takardar hukunci daga kotun da ta yi shari'ar. Da suka iso ta baje su kan tebur tana bi layi-layi da biro tana tambayarsa wannan fa, wancan fa, har ta gano wani tsohon kamu da shi kansa ya manta da shi.

Ta ce hanya biyu ce. Akwai dokar da ta fara aiki a 2017, wadda mutum zai roƙi alƙali da kansa ya rufe masa kes ɗin in an yi shekara 10 da hukuncin, laifin bai wuce biyu ba, kuma babban laifi bai wuce ɗaya ba a ciki, sannan mai gabatar da ƙara yana da kwana 45 ya ce bai yarda ba. Sai kuma dokar Clean Slate da gwamna Kathy Hochul ta sa wa hannu a 2023 ta fara aiki Nuwamba 2024, ita ba sai ka nema ba, ana rufe ƙaramin laifi bayan shekara 3, babba bayan shekara 8, banda irin su kisa da laifin fyaɗe. Amma fa an ba kotuna har Nuwamba 2027 su gama rufe tsofaffin kes ɗin, shi ya sa ta ce tunda ya cika shekara 10 gara a shigar da takarda kawai da a zauna jira.

Abin da ya fi burge ni shi ne da ta ajiye biro ta dube shi ta ce, rufewa ake yi, ba gogewa ba. Mai gidan haya da yawancin masu ɗaukar aiki ba za su gani ba, amma 'yan sanda suna gani, haka in ka nemi lasin bindiga. Uwa uba imigireshan, su na tarayya ne, dokar jiha ba ta ɗaure su ba, ranar da zai cika fom ɗin zama ɗan ƙasa dole ya faɗi kes ɗin ko da an rufe. Wallahi mutanenmu da yawa masu girin kat, wato katin zaman dindindin a Amurka, ba su san wannan ba, kuma ɓoyewar tana iya jawo abin da ya fi laifin kansa muni. Har ta ce kar ya kuskura ya tafi gida ganin mahaifiya sai ya zauna da lauyan imigireshan tukuna.

Inda suka gaza, waya. Ka kira ka bar saƙo, sai a yi kwanaki babu amsa, mutane sun yi musu yawa. Tafinta kuma na Sifaniyanci a shirye yake, na Hausa sai an nema ta waya, don haka wanda turancinsa bai nuna ba ya tafi da wani. Abin ya ɗauki watanni kafin alƙali ya sa hannu, amma ko sisi ba su karɓa ba, kuɗin dangwala yatsu da na takardar kotu kawai muka biya.