Gandun Whitney a jihar Luwiziyana: wurin da aka fara da bayi kafin iyayengiji

Duk wanda ya sauka birnin New Orleans a Amurka zai ga tallan yawon tsoffin gandaye a bakin kogin Misisifi. Yawancinsu abin da suke sayarwa shi ne kyan gini: dogayen ginshiƙai, itatuwa masu inuwa, kujerun da matar mai gida ta zauna a kai. Wasu har bikin aure ake yi a cikinsu. Gandun Whitney ba haka yake ba, shi ya sa na zaɓe shi, shi ya sa kuma nake ba kowa shawarar ya je.

Tafiyar kamar awa ɗaya ce a mota daga birnin, zuwa garin Wallace. Wani Bajamushe, Ambroise Heidel, shi ya kafa gandun a 1752. Da baba aka fara, irin na rini, daga baya aka koma rake. Wani lauya, John Cummings, ya saye shi ya kashe dukiyarsa wajen gyara, aka buɗe wa jama'a a Disambar 2014. Mai kula da binciken tarihin wurin ɗan Senegal ne, Dakta Ibrahima Seck, kuma ana ganin hannun ɗan Afirka a yadda aka tsara labarin.

Da ka biya kuɗin shiga za a ba ka kati ka rataya a wuya, ɗauke da sunan wani da aka haifa cikin bauta da ɗan abin da ya faɗa lokacin da aka yi hira da tsofaffin bayi a shekarun 1930. A cocin Antioch, wanda 'yantattun bayi suka gina bayan yaƙin basasar Amurka, akwai mutum-mutumin yara da Woodrow Nash ya ƙera, wasu a zaune kan benci, wasu a tsaye, ƙafa ba takalmi, riga ta yi musu yawa. Ba su da ƙwayar ido. Wata dattijuwa a ayarinmu ta kasa wucewa, sai da jikarta ta kama hannunta.

Inda na fi daɗewa shi ne bangayen sunaye. An sassaƙa sunayen mutane sama da 100,000 da aka bautar a Luwiziyana, daga kundin da masaniyar tarihi Gwendolyn Midlo Hall ta tattara cikin takardun ciniki da na rabon gado. A kundin nan an rubuta asalin da yawa daga cikinsu: Bambara, Wolof, Fulani, Ibo, Kongo, har da Hausa. Suna ɗaya tak, babu na uba, babu na gari. Mutumin da a gida ake kiransa ɗan wane jikan wane, nan an lissafa shi cikin kayan gado tare da shanu da garma. Gaba kaɗan akwai filin da aka keɓe wa yara 2,200 da suka mutu cikin bauta a wannan yanki kaɗai. Allah Ya ji ƙansu.

Manyan tukwanen ƙarfe da ake dafa ruwan rake suna nan a fili. Wanda ya taɓa ganin ana mazarƙwaila zai gane aikin, sai dai kowace tukunya mutum zai kwanta a ciki. Lokacin matsar rake, daga Oktoba zuwa ƙarshen shekara, wuta ba ta mutuwa dare da rana, kuma ƙuna da yankewar hannu ba labari ba ne. Akwai kuma wurin tunawa da boren bayi na Janairun 1811, wanda Charles Deslondes ya jagoranta, aka murƙushe shi aka tsire kawunan mutane a bakin kogi. An kwaikwayi kawunan a kan sanduna. Mai tafiya da ƙananan yara ya yi tunani kafin ya kai su nan.

Babban gidan mai gandu ba shi ne zuciyar ziyarar ba, kuma a ganina daidai ke nan. Bayan ka ga ɗakunan bayi na katako, za ka shiga falon da wani ido daban.

Abin da ya ɓata mini rai ba daga wurin yake ba. Kamfanin motar da ya kwaso mu daga birni ya haɗa mana gandaye biyu a yini guda, direba sai duba agogo yake, ana tsaka da karatun sunaye aka ce a taho. In da hali, ka ɗauki hayar mota ka ba wurin awa uku. Yawancin zagayen a waje ake yi, zafin Luwiziyana kuma mai gumi ne, ga sauro, don haka ruwa da lema da takalmi mai sauƙi dole ne, kuma watannin sanyi sun fi. Wallace gari ne ƙarami, saboda haka mai neman abincin halal ya yi guzurinsa tun daga New Orleans, ya kuma duba shafin gandun na intanet don ranakun buɗewa da kuɗin tikiti kafin ya kama hanya.